Ranar da Na Yi Kumandan, Aka Ga Surukina

Wahala dai mun sha ta a shekarun da Nasara suka fara zama a Agadas, ba wani abin ado a ciki. Ni aikina ɗebo ruwa ne zuwa sansaninsu. Tun hantsi salka tana bayana, daga rijiya zuwa gidan kumandan, daga gidan kumandan zuwa rijiya, har kafaɗata ta yi kanta irin ta jaki. Amma duk cikin wahalar nan, abin da ya ƙi fita raina har yau ba duka ba ne, ba yunwa ba ce. Wasa ne na yini ɗaya da na jawo wa kaina.

A unguwarmu akwai wani baduku, Agali. Idan ana biki, bayan la'asar sai a yi da'ira a ƙofar gida, ya shigo tsakiya ya kwaikwayi mutane. Akwai wasu masu wasan, masu tsalle da ihu da shafa baƙin tukunya a fuska, kuma suna da masoyansu. Ni dai Agali ne nawa. Ba ya canza riga, ba ya ɗaga murya. Zai tsaya shiru kawai, ya ɗan sauke gira ɗaya, ya lashi leɓe, sai ka ji mata sun ce, "Ga dillalin raƙuma nan!" Kafin ya buɗe baki an gane mutumin. Har wanda ake kwaikwayon yakan yi dariya, don Agali ba ya ƙara wa mutum abin da ba shi da shi.

To, ni da ban wuce ƴan surori a allo ba, sai na ga ai wannan ba wani abu ba ne. (A lokacin ina ganin duk abin da mutum ya yi ba gumi, to mai sauƙi ne.) Kuma ina da abin da Agali ba shi da shi: kullum ina shiga gidan kumandan. Na san hularsa, na san bulalarsa, na san kalmar da yake faɗi idan an gama zuba ruwa a randa: "Wala!" Ban san ma'anarta ba, amma na riƙe ta.

Sai aka sa bikin ƙanwar Hadiza, matata. Surukina, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ku dai ce Madugu, shi ke jan ayarin gishiri zuwa Fachi. Shekara goma ina auren ƴarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. A shekarar ce kuma ya aiko a gaya mini in shirya, bana zai tafi da ni, ya ba ni raƙuma biyu in kula da su. Wato na kusa ajiye salkar Nasara ke nan. Mai hankali da ya zauna ya yi shiru har ayari ya tashi.

Na gaya wa Agali niyyata ta kwaikwayon kumandan a bikin. Yana ɗinkin takalmi, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Ka kalle shi da kyau?"

Na ce, "Kullum ina gidansa."

Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ban tsaya saurare ba. Na samo tsofaffin takalman soja a bayan sansani (sai da na sa su na gane duka biyun na ƙafar dama ne). Na samo ƙoƙo babba a madadin hula, na naɗa farin ƙyalle a kai don ƙoƙon ya zauna. Fuska kuma na dama toka da ruwa na shafe ta, har gemu, don in yi fari. Na yanko tsumagiya ta zama bulala.

Da aka yi da'ira, Agali ya gama nasa, sai ya ce, "Yau akwai baƙo." Na fito daga zaure.

Taku uku na yi ƙoƙon ya zame ya gangara cikin mata, ya bar ni da farin ƙyalle a kai kamar rawani. Takalmin da na sa a ƙafar hagu ya matse mini yatsu, sai na shiga ɗingishi. Tokar ta bushe ta zubo mini a maƙoshi, na tsaya na yi tari sau biyu. Na ce a raina kada ka tsaya, kumandan ba ya tsayawa. Na maida hannu ɗaya baya, na nuna jama'a da tsumagiya, na ce, "Wala!"

Wurin ya fashe da dariya. Ban taɓa jin irinta ba, ko a wasan Agali. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Samarin ayari suna dukan juna a baya. Kaina ya kumbura. Na ƙara ɗingishin, na ƙara tarin da gangan tunda na ga yana aiki, na zagaya da'ira ina "Wala! Wala!" har sau uku.

A zagaye na uku ne na ji wani ya ce, "Wallahi Madugu sak. Har tarin."

Sai na tsaya. Madugu yana ɗingisa ƙafar hagu tun da raƙumi ya taka shi. Gemunsa fari ne, fuskarsa kullum furu-furu kamar gishirin Fachi bai wanku ba. Ba ya magana sai ya yi tari sau biyu. Kuma duk Agadas an san ba ya ƙarasa rantsuwa, kowace magana tasa da "Walla" take farawa. Duk wannan na san shi sarai. Kawai ban tuna ba sai da na gama yi.

Yana zaune a kan buzu a bakin zaure, tsakanin dattawa. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida.

Na ce da ƙarfi, "Kumandan ne fa! Nasara nake yi!"

Wannan ya fi komai ba su dariya. Wani cikin samarin ya ce, "Kumandan na Fachi ko?"

Na je bayan gida ina wanke toka, Agali ya same ni. Na ce masa ya je ya yi wa Madugu bayani, shi za a yarda da shi.

Ya ce, "Me zan ce? Wasan ya yi kyau. Ni shekara nawa ina son in yi shi, ban iya tarin ba."

Na ce, "Agali, kumandan na yi."

Ya ce, "Wane launi ne idon kumandan?"

Ban sani ba.

Ya ce, "Ai ka gani. Kullum kanka a ƙasa kake shiga gidan, takalminsa kawai ka sani. Surukinka kuwa shekara goma kana satar kallonsa ta gefen ido. Jikinka ya yi wanda ya sani."

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: ƙoƙo da toka ba su yin kowa, wanda ka daɗe kana kallo shi ke fitowa, ko ka so ko ba ka so.

Washegari da sassafe na tafi gidan Madugu. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya yi tari sau biyu. (Allah ya sani, sai da na ciji leɓe don kada in yi dariya.)

Ya ce, "Walla, ɗingishin ya yi. Amma ni ba na jan ƙafar haka, ɗaga ta nake yi."

Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara."

Ya ce, "Na yafe. Sai dai hanyar Fachi doguwa ce, kuma ba zan yi kwana ashirin ina tafiya a gaba kana bayana kana kallon ƙafata ba. Bana ka zauna."

Na yi godiya, na tashi, na sa takalmina. Na koma gida na ɗauki salka na nufi rijiya. Da na gama cika randar kumandan ya ce, "Wala," sai na ɗaga kai na dube shi. Idon nasa shuɗi ne.