Igiyar Mati

Gidan Inna Tabawa katanga ɗaya muke da shi a Tungar Maɗaci, don haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin kasuwa ba. 'Ya'yanta biyu maza. Babban, Haladu, sana'arsa hawa bishiya ya datse rassan da suka sunkuyo kan gini. Gwani ne, sai dai taurin kai. Haka yake hawa ba igiya a ƙugu, Inna ta yi magana har bakinta ya gaji, shi kuwa cewa yake igiya ta akuya ce. Ƙaramin shi ne Mati, ƙato mai gemu, ga ƙarfi kamar sa, ga zuciya fara tas. Aibinsa ɗaya: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Duk duniya ba abin da yake so kamar ya bi yayansa aiki, ya tsaya a gindin bishiya yana jan rassa.

Wata rana Haladu ya dawo daga birni da injinan zarto biyu, irin ƙananan nan masu mariƙi a sama da ake hawa bishiya da su. Tsohon injinsa mai mariƙi a baya ya gama masa da kafaɗa, shi ne abokinsa mai shago ya ba shi waɗannan ya gwada ya zaɓi ɗaya. Ɗaya ja, mai shan fetur, ɗaya kore, mai batir. Ya ce, “Mati, gwaji sai da adalci. Abin da ka yi wa wannan, ka yi wa wancan.” Mati ya ce, “To, Yaya.” Washegari Haladu na can kan mangwaron makaranta yana ta fizgar zaren tayar da jan injin, gumi na zuba, inji ko tari bai yi ba.

“Mati! Ka zuba masa fetur kuwa?”

“A'a, Yaya. Na duba kore ba ya shan fetur, sai na hana ja shi ma. Amma duka biyun na kai su wajen mai caji.”

Mai caji ya ba mu labari daga baya, wai ya yi ta juya ja yana neman inda zai soka waya, Mati na tsaye a kansa yana cewa a ji tsoron Allah a yi adalci.

Wata rana kuma suna karyawa, Haladu ya ce, “Nauyin inji ba a ɗagawa ɗaya ake gane shi ba. Sai mutum ya wuni da shi a hannu.” Ya fita harkokinsa. Mati ya ɗauki ja a dama, kore a hagu, ya miƙe a tsakar gida ya ɗaga su. Rana ta take, yana nan. Ƙuda ya sauka a hancinsa, sai dai ya hura masa iska. Salla kaɗai ta sa ya ajiye su, yana sallamewa ya koma. Inna ta yi juyin duniya ya ƙi, dole ta zauna tana ba shi tuwo a baki, ƙato da gemunsa! Da yamma Haladu ya shigo ya gan shi, ya riƙe baki. Can ya ce, “To, tunda ka wahala, wanne ya fi nauyi?” Mati ya ce, “Wallahi Yaya hannuwan sun mutu tun azahar, ba wanda ya gaya mini komai.”

Wata rana Haladu ya ce, “Ja ya fi cin itace, kore ya fi shiru. Mu da muke aiki a cikin gidajen mutane, kamata ya yi a ji ra'ayin maƙwabta kan ƙarar nan.” Ai kuwa bai rufe baki ba Mati ya saɓa su ya fita. Zaure zaure yake bi, da tsakar rana mutane na ƙailula, ya yi sallama, ya tayar da ja, ya tayar da kore, ya ce a zaɓa. Ni kaina da zani a hannu na fito, na ɗauka babur ne ya shigo mini ɗaki. Awakin unguwa suka watse, jakin liman ya tsinke sai bakin rafi aka kamo shi. Mutum ɗaya ne ya yaba, Baba Sallau kurma, ya ce a sayi ja, shi ne abu na farko da ya ji tun shekarun baya. Ranar Haladu ya sha ba da haƙuri har ya ƙosa. Ya dawo ya ce, “Mati, saura aiki ɗaya, maɗacin bakin kasuwa. Ka ƙara yi mini shirme, ka daina bi na ke nan.” Ranar Mati ko tuwo bai taɓa ba. Ni dai tausayinsa ya kama ni.

Wata rana, ranar kasuwa, suka isa gindin tsohon maɗacin da reshensa ya rufe rumfar mahauta. Injinan aro ne, Haladu na tsoron su faɗo, sai ya ce, “Saurara da kyau. Duk abin da zai hau bishiyar nan, ka rataya igiya a babban reshe na can sama, ka ɗaure shi, ka riƙe. Kada ka saki sai ya taɓa ƙasa.” Mati ya ɗaure kore tsaf. Haladu ya kama gindi zai hau, sai ya ji an cafko shi ta baya ana zarga masa igiya a ƙugu.

“Kai, lafiyarka? Inji nake nufi!”

“Ka ce duk abin da zai hau, Yaya. Kai ma hawa za ka yi.”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, “Haladu, nawa bunsurun?” Haladu ya yi fizge-fizge, ina, hannun Mati ba a ƙwace masa. Ya ce, “Shi ke nan. Daga yau mun rabu.” Ya hau da igiyarsa yana huci, Mati na ƙasa yana tattare ta da hawaye a gemu.

To, ƙaramin inji mai mariƙin sama yana da ruɗi, rashin nauyinsa kan sa mutum ya riƙe shi da hannu ɗaya. Haka Haladu ya yi, ya miƙa can nesa yana yanka. Ashe reshen da ya taka gara ta cinye cikinsa. Sai muka ji ƙas! Mata suka saka salati. Muka ɗaga kai, ga Haladu yana lilo tsakanin sama da ƙasa, ga kore a tasa igiyar gefe guda. Mati ya kafe ƙafafu, igiya ta yanka masa tafin hannu jini na ɗiga, mutane suka ruga za su kama masa, ya ce kada wanda ya taɓa, shi aka ce wa ya riƙe. A hankali ya yi ta sassautawa har ƙafar yayansa ta taɓa ƙasa. Sannan ya ce, “Yaya, in saki?”

Haladu ya juyo gare shi. Rungume shi ya yi yana kuka a gaban duk kasuwa.

Kore ya zaɓa daga baya, amma sai da ya sa mai shago ya fara auno masa igiya mai kauri. Da magaribar ranar da ya faɗo na leƙa ta katanga, na ga Mati da hannuwa naɗe da tsumma yana bin zakaran Inna da igiya, don zakaran a kan dalbejiya yake kwana. Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, Haladu ya ce, “Ƙyale shi, Inna.” Ya tashi da kansa ya kamo zakaran, ya riƙe wa ƙaninsa har ya gama ɗaurewa.