Gidajen Mai Uku da Surukar da Ke Jira a Tasha

Ranar Talata na tura mota da ƙirjina a gaban matar da nake fatan ta zama surukata, kuma ba kowa ya jawo mini ba sai ilimina. Ku gyara zama, jama'a, don zuciyata ta cika, idan ban amayar ba tana iya fashewa.

Akwai yarinyar da nake so, ni dai Tauraruwa nake ce mata. Mahaifiyarta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da ta gaya wa 'yarta shi ne ta ji yaron ya yi karatu, amma ba ta san ko zai iya riƙe gida ba. Sai ga shi za ta dawo daga tafiya, motarsu za ta iso tasha ƙarfe huɗu na yamma. Tauraruwa ta kira ni murya ƙasa-ƙasa, ta ce in je in ɗauko Mama, kada in makara ko minti ɗaya, domin wannan ce jarrabawata. Na ari motar yayana, na tarar allurar mai tana kwance kamar mai jinya.

To, ni a jami'a na taɓa wani fannin lissafi da ke koya wa mutum zaɓen hanya mafi kyau idan abin hannunsa kaɗan ne. Ka rubuta abin da kake son cimmawa, ka jera sharuɗɗan da suka ɗaure ka, sannan ka tono zaɓin da ya fi kowane. Da shi ake tsara tashin jirage da rabon kaya a manyan motoci. Na so fannin nan kamar yadda wasu ke son waƙa. Ranar da na fara gane shi a aji har idona ya kawo ruwa, na ce ashe duniya tana da gyara.

Ƙarfe goma na safe na shiga layi a gidan man bakin kasuwa. A gabana akwai maƙwabcina direban tasi, wanda duk unguwa ke kira Kawu. Ya kashe mota, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na zaro takarda da biro. Mota talatin da ɗaya, famfo ɗaya, kowace tana cin minti shida. Wato ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci zan sha mai, in yi wanka, in fesa turare. Mai hankali da nan ya tsaya. Amma ni ba a koya mini "ya isa" ba, "ya fi" aka koya mini. Na ji ana cewa gidan man bayan gada famfo biyu gare shi, na buga, na ga zan rage minti arba'in.

Kawu ya ɗaga hula da ya ji na tayar da mota.

"Farfesa, ina zuwa?"

"Kawu, lissafi ya ce layin bayan gada ya fi sauri."

"Shi lissafin ya taɓa shan mai a can?"

Na yi masa murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai karanta littattafai ba.

A bayan gada na tarar rabin gari sun ji labarin famfo biyun, ɗaya kuwa tun bara ya mutu, har an rataya masa tsumma. Ban karaya ba. Na juya takarda na sake bugawa, amsa ta nuna gidan man shataletale. Can kuwa mota goma sha ɗaya kacal na samu. Da ƙarfe biyu ta yi, mota biyu suka rage a gabana, har na fara tsara kalmomin da zan gaishe da Mama, sai muka ji jiniya.

Baƙaƙen motoci tara suka shigo ta ƙofar fita. Mai famfo ya raɗa mini cewa Mai Girma Shugaban Kwamitin Kawo Ƙarshen Layin Mai ne, ya zo ya gane wa idonsa wahalar talaka. Allah ya ƙara masa lafiya, ya kuwa gane, ta bayan gilashi. Aka cika motocin tara, aka ɗauki hoto da mu a baya, suka tafi. Mai famfo ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare.

A nan na sara wa manyanmu. Ni shekara huɗu ina fama da yadda za a rage lokacin jira, su sun mayar da shi sifiri ba tare da sun taɓa biro ba. Sun gano abin da malamanmu suka ɓoye mana: idan sharaɗi ya dame ka, ka kunna masa jiniya. Wannan ai ba ƙaramar baiwa ba ce, ya kamata a sa ta a manhaja.

Na juya zan koma bakin kasuwa. Abu ɗaya ne ban sa a takardata ba, shi ne cewa yawon neman mai ma mai yake sha. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar titi. Ƙarfe huɗu saura kwata na kira Kawu, na roƙe shi ya je tasha ya ɗauko Mama. Ya ce shi tun ƙarfe ɗaya ya cika tanki, har ya yi lodi huɗu.

Ina cikin turi, rigata ta manne da baya, tasin Kawu ta tsaya a gefena. Ashe Mama ce ta ce a biyo da ita ta ga inda na maƙale. Na durƙusa a kan kwalta na gaishe ta. Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar a kan kujera, ta daɗe tana kallon layuka da kibiyoyi, ni kuma ina bayani kamar mai kare kansa a kotu.

"Ɗana, da ka zauna a layin farko, da ka samu?"

"Da na samu, Mama."

"Ka kuma san haka tun da safe?"

"Na sani, Mama."

Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta ce mutumin da ke tura mota da kansa ba rago ba ne, wanda kuma ya amsa laifinsa a bakin titi ba maƙaryaci ba ne. In turo magabatana. Amma da sharaɗi ɗaya: duk abin da ya shafi zaɓi a gidan, daga gidan haya har layin da za a bi, 'yarta ce za ta yanke.

Na amsa kafin ta rufe baki. Jiya na fara buga wa Tauraruwa ranar da ta fi dacewa da ɗaurin aure, ta karɓe biron ta ce in je in huta.