Na-Sama da Hannun Ajiya

Duk wanda ya taɓa leƙa filin ƙwallon kwando na bayan makaranta ya san Allah ya yi wa ƙungiyar nan baiwa da Na-Sama. Tun daga bakin ƙofa ake jin ƙamshin man zafinsa. Takalmi fari fat, ɗaurin goshi ja, ga bandeji a gwiwoyin da ba su taɓa ciwo ba. Shi ya naɗa kansa kyaftin, kunya kuma ta hana kowa tambayar ranar da aka yi zaɓen.

Ba ya taɓa ƙwallo sai ya yi jawabi.

"Ku saurara, ƙannena. Jiki maƙaryaci ne. In ya ce muku ya gaji, ku ƙara masa zagaye goma. Ni nan sai na fara ganin duhu-duhu nake tsayawa."

Ikon Allah, duhun nan ba ya wuce zagaye na biyu yake sauko masa. Da koci ya ce a yi gudun layi, sai gwarzon ya sadaukar da kansa ya riƙe agogo. Yana tsaye a inuwar allon kwando yana daka tsawa, har muryarsa ta dushe saboda wahala.

Ranar da ake koyon tafiya da ƙwallo da hannun hagu kuwa, sai ya zuba nasa a aljihu.

"Wannan na ajiya ne. Ranar da na fito da shi, za a kwashi mutane a ƙasa."

Kowa na dariya a ciki, ban da wani tela mai shiru-shiru, wanda ya ɗauki jawaban nan da gaske. In ya tashi daga kan keken ɗinki, sai ya zo ya soke hannun dama a bayan wando, ya yi ta bugun ƙwallo da hagu. Ta gudu, ya bi ta. Wata uku yana wannan abin kunya.

Sai gasa ta matso. Mutum goma sha biyu za a tafi da su, ga shi su goma sha uku ne. Koci ya ce gurbin ƙarshe tsakanin kyaftin ne da tela, su kara su biyu.

"Ka yafe ni tun yanzu, mai allura," in ji Na-Sama.

"Ba komai, Yaya."

Tela ya tsaya daram a damansa, ya bar masa hagu a buɗe, hanyar da ko mota za ta wuce. Na-Sama ya duba dama, mutum. Ya duba hagu, fili. Kowa ya zuba ido, yau za a ga kayan ajiya. Ya miƙa wa hannun ajiyar ƙwallo. Bugu ɗaya, ta daki farin takalmin, ta gangara har gindin famfo. Sau huɗu ana haka. Tela kuwa ta hagun ya riƙa wuce shi, yana jefawa yana ba da haƙuri.

Koci ya karanta sunaye. Na-Sama ya tsaya har aka naɗe takardar, ko akwai ƙari a bayanta.

A gida ya tarar da matarsa tana shanya a tsakar gida. Ya zube a kujera, ya yi nishin manya.

"Koci ya ce in huta wannan gasar. Ba a son a ƙarar da ni."

Ta matse zanen da ke hannunta, ta dube shi sama da ƙasa.

"To, madalla. Amma maigida, hutun me?"