Albasar da na liƙe cikin tano

Da kakar albasa ta zo, ana ta cewa bana za ta yi wuya kafin damina ta fita. Ni kuwa, malamin makarantar boko, wato lakwal, da ake kira Mushe da Faransanci, na rantse gidana ba zai roƙi albasa wurin kowa ba. Na sayo buhu uku a kasuwar Tawa, na samo tano, wato durom na ƙarfe mai marfi, na zuba ta ciki. Na taɓa ganin ana toshe wake a tano don ƙwari su mutu, to me zai hana albasa?

Kawuna, manomi daga Kalfu, ya tarar da ni ina liƙe marfin da roba. Ya ce, "Mushe, albasa rai gare ta. Iska taka so."

Na yi masa irin murmushin da malamin lakwal ke yi wa wanda bai taɓa riƙe alli ba. Har bayani na yi masa da Faransanci. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Tano ya sha ranar Tawa wata biyu cur. Ranar buɗewa na tara mutanen gida su ga aikin ilimi. Baƙin ruwa mai kumfa muka tarar, da warin da ya sa maƙwabci leƙowa ta katanga yana tambaya ko masai ne ya fashe.

Matata ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Ƙwarin dai sun mutu, Mushe."

Har yau in kawu zai aiko mana da albasa, sai ya ja wa direba kunne: a ba matar gida, kada a ba mai Faransanci.