Shef Kunnen Jama'a da Dankalin Jiratawa

Duk wanda ya ce shugabannin zamanin soja ba su son a faɗa masu gaskiya, to bai san Shef Nata'ala ba. Allah ya yi wa Maraɗi gata a shekarar farin tamanin da huɗu: ya hana mu ruwa, amma ya ba mu Shef. Shi ne mai riƙe da wani ƙaramin biro, wato ofis, na raba wa manoma iri. Mutum ne fa! Ƙeya mai hawa biyu, tabarau a goshi, alƙalamin bik uku a aljihu, ja na tsakiya. Da bakinsa ya raɗa wa kansa Kunnen Jama'a, mu kuwa wa muke da za mu musa?

Kowace Litinin, da an gama ɗaga tuta, sai reniyo, wato taron ma'aikata. Nan Shef ke gyara ma'aikata, don ya ce gyara sadaka ce. Atika sakatariya ta sha sadakar minti arba'in a kan wani waƙafi da ta manta. Mai gadi ya sha tasa a kan yadda yake sara wa mota: wai hannun na tashi da ladabi, amma saukarsa akwai raini. In ya gama rabon sadaka, sai ya buɗe hannuwa kamar mai shirin tashi sama.

"To, saura ni. Ku soke ni! Shugaban da ba a suka, gawa ne. Ƙofata buɗe take."

Gaskiya ne, a buɗe take. Ta cikinta Sha'ibu malamin gona ya fita. Shi ne ya taɓa ɗaga hannu ya ce motar biro ta fi sanin hanyar gidan Shef a unguwar Zariya da hanyar gonaki. Shef ya yi masa godiya har da tafi, ya ce irin wannan basira ta fi ƙarfin Maraɗi. Kwana tara takarda ta fito, aka kai basirar can cikin hamada, inda sai raƙuma za ta ba shawara. Tun daga ranar, in Shef ya ce a soke shi, sukar ɗaya ce: "Shef, aibinka guda, ba ka hutawa." Sai ya sunkuyar da kai ya karɓa, kamar namiji.

Mutum ɗaya ne takardar canjin wuri ba ta iya kamawa: Idirisa mai tsaron mangaza, ɗakin ajiyar kayan biro, ɗan Tibiri. Ɗan kawun Shef ne, wato taubashinsa. Taubashi kuwa ko zagin ka ya yi a tsakiyar kasuwa, dariya za ka yi. In ka yi fushi, dangi su yi ta yi da kai har jikoki. Saboda haka duk mai magana a biro sai ya kai wa Idirisa, shi kuma ya yafa mata rigar wasa ya shigar. Dabara ce mai kyau. Aibinta guda: Shef yakan karɓi rigar, ya bar maganar.

Ana ƙarshen Oktoba aka sauke kamiyo biyu, manyan motocin kaya, na irin dankalin turawa, don noman rani a fadamar Jiratawa. Gero bai yi ba, rumbuna fayau, mutane sun zuba ido ga wannan iri. Shef ya dubi buhuna, ya ga abin da mu marasa ilimi ba mu gani ba: biki. Ya ce ba za a raba ko ƙwaya ba sai ranar da Kapiten mai kula da yankin ya samu sukunin zuwa ya miƙa buhun farko da hannunsa, a gaban mai hoto. Aka jibge buhuna har rufin kwano, aka toshe tagogi saboda ɓarayi, Shef ya jefa makulli aljihu, kusa da jan bik.

Mako guda, Idirisa ya leƙo ofis.

"Kai bawana, mai ƙaton kai! Dankalinka hwa ya fara zufa. Iri na son iska. Ba ni makulli in baje shi, ko ka bari a kai ma masu shi."

Shef ya yi dariya har tabarau ya sauko kan hanci. "Ɗan Tibiri, yaushe ka san dankali? Kai da ka girma kan tafasa!"

Mako na biyu wata Maijidda ta tako da ƙafa daga Jiratawa. Mijinta ya tafi neman abinci kudu tun kaka, ya bar ta da 'ya'ya biyar da kwamin lambun da ta gyara da hannunta. Ta durƙusa a bakin ƙofar nan da ke buɗe.

"Ranka shi daɗe, sanyi ya kusa shiga. In ba a shuka yanzu ba, mi za mu ba ɗiya?"

Shef ya yaba mata ƙwarai. Ya ce irin wannan murya ta talaka ita ce abincin shugaba. Ya sa Atika ta rubuta sunanta cikin waɗanda za su yi guɗa ranar biki. Maijidda ta koma da ƙafarta, Shef ya ƙoshi.

Mako na uku wari ya fara zagayen biro. Idirisa ya shigo toshe da hanci.

"Bawana, wallahi ruɓa yake. Wallahi na ce."

"Ka ji ɗan banza, har da rantsuwa!" Shef ya share hawayen dariya. Ya ce warin daga majema iska ke kwaso shi, ya sa aka sayo turaren wuta.

Wasan ya yi masa daɗi har ya kasa riƙe shi. Da ya je gayyatar Kapiten, sai da ya ba shi labari, don a san irin shugaban da ake da shi. "Mon kapiten, ni biro nawa kowa na faɗin ransa. Mai mangaza kullum sai ya ce mani iri ya ruɓe, ni kau in yi dariya. Haka ake riƙon mutane."

Ranar biki ta zo. An share fili, an kafa rumfa, an kwaso manoman Jiratawa da buhunansu na wofi, Maijidda a sahun gaba. Shef ya yi jawabin awa guda a kan amfanin sauraro. Sannan ya zaro makulli, ya ɗaga shi sama don mai hoto, ya buɗe.

Abin da ya fara fitowa ƙuda ne. Bayansu wani baƙin ruwa ya gangaro a hankali, ya gaida takalmin Kapiten. Mai hoto ya yar da aikinsa ya nemi bayan rumfa. Maijidda ba ta yi guɗa ba. Ta naɗe buhunta, ta sa a hammata, ta dubi Shef tun daga hula har ƙasa, ta kama hanyar Jiratawa.

Kapiten ya tambaya ta cikin hankici: "Ba wanda ya faɗa maka?"

Shef ya ƙame. "Ko mutum ɗaya, mon kapiten! Ba rapor, ba takarda. Ma'aikatan nan ba su da ƙarfin halin faɗa wa shugaba gaskiya. Kullum ina roƙon su."

"Ba kai ne ka zauna a ofishina ka ce mai mangaza kullum yana gaya maka ba?"

"A'a, wannan ai... taubashina ne, mon kapiten. Wasa ne."

Kapiten, da yake shi ba taubashin kowa ba ne a wurin, ya yi nasa gyaran a taƙaice. Shef ya tuɓe babbar riga, ya kwashe buhunan da kansa har la'asar, ma'aikata na tsaye suna lura da yadda hannunsa ke tashi da yadda yake sauka. Kwana tara takarda ta fito. Aka tura shi can wurin Sha'ibu, a matsayin mataimakinsa.

Ranar tafiya, an ɗaure katifa a kan kamiyo, Shef ya tara mu ya buɗe hannuwa, ya ce ko akwai mai kalmar ƙarshe. Idirisa ya matso. Ba murmushi, ba "bawana". Ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Shef, Maraɗi ta yi rashi. Samun mai sauraro irinka sai an daɗe."

Idon Shef ya ciko. Ya juyo gare mu yana jinjina hannun Idirisa. "Kun gani? In ya bar wasa, yaron nan akwai hankali."

Duk shekarar, wasa ɗaya ke nan da Idirisa ya yi masa. Shi kaɗai kuma Shef ya gaskata.