Mato Kwana-Kwana a Cikin Randata

Bara na yi asarar danga guda da randa guda. Na samu akurkin ƙarfe, na kuma samu ƙaton da ke yi mini shara. Ni Tasalla ban yi boko ba, amma ba a taɓa ƙwarata a ciniki ba.

Wani mutum ne a ƙauyenmu, Mato, ya dawo daga birni da jar hular kwano, wai shekara bakwai ya yi cikin 'yan kwana-kwana. Ko wanka zai yi ba ya cire ta. In ya zauna gindin tsamiya sai ka ji: "Ni wuta ta san ni. In na yi gyaran murya, kwanciya take yi."

Ni kuwa tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, duk kaka nakan ɗauki fartanya in share taku goma kewaye da gida da rumbu, ƙasa fes, don in wutar daji ta zo ta rasa abin ci. Mato ya tarar da ni ina yi.

"Gwaggo, wannan ai aikin mutanen da ne. Mu wuta muke aika wa wuta. Ka kunna taka ta cinye ciyawa, in waccan ta iso ta tarar an siɗe kwano."

"Iskar fa?"

"Iska ma ta san ni."

Ranar Laraba da hantsi hayaƙi ya tashi a gabas. Mato ya gyara hula, ya tara maza su ga aiki, ya ƙyasta ashana bayan gidansa. Fuu! Iska ta juyo. Wuta ta lashe rumfarsa, ta lashe tarin karansa, ta biyo mai ita. Ya zura a guje yana ihu: "Wayyo jama'a, a kira 'yan kwana-kwana!"

Gidana ya faɗo, don nan kaɗai babu ciyawa. Tartsatsi ya kama dangata, ya kama gindin wandonsa. Sai ya daka tsalle ya zauna cikin randata. Tsulum! Ɗuwawu ya shige, gwiwa ta haɗu da haɓa. Wuta ta zo bakin sharata, ta leƙa, ta mutu. Rumbuna ko ɗumi bai ji ba.

Hayaƙin gabas kuwa? Mata ne ke gasa tukwane.

Maza huɗu suka ja shi, randa ta biyo su. Aka zuba man gyaɗa, shiru. Suka ce sai dai a fasa.

Na ce, "A fasa me? Randar da na zo da ita gidan miji?"

"Gwaggo, zan ba ki kaza," in ji Mato.

"Yi zamanka. Randa ma ta san ka."

"Akuya!"

"Wadda ka ƙone wa wutsiya?"

Na shimfiɗa tabarma na hau tsintar wake. La'asar ta yi. Agwagwata ta zo shan ruwa, ta tsaya tana kallonsa da ido ɗaya.

"Gwaggo, wallahi motar 'yan kwana-kwana kawai nake wankewa a birni!"

"Ɗaga murya, ɗan nan, na baya ba su ji ba."

Sai da ya faɗa sau uku na miƙa wa maza taɓarya. Abin da na karɓa kuwa: danga da randa sababbi, sharar taku goma duk kaka har shekara bakwai, daidai waɗanda ya ce ya yi a birni, sai jar hular. Kazata ke ƙwai a cikinta yanzu.