Kwalin Kifi a Ofishin Lauyoyi

Ina da shekara arba'in da uku na gama karatun lauya, kuma ban taɓa zuwa wurin manya hannu rabbana ba. Da kamfanin lauyoyin 'yan kasuwa a Legas ya kira ni intabiyu, sai na sayi kwalin bandar Gashuwa. Masu neman gurbin har da 'yan Gana, kowa fayil kawai ya riƙo. Na ce a raina, marasa tarbiyya.

Na dire kwalin gaban shugabar.

Ta ce, "Hajiya, cin hanci kika kawo mana?"

Na ce, "Tsaraba ce, ranki ya daɗe."

Ba su ɗauke ni ba, kifin ma suka maido. Har yau ƙanena a Nguru gaisuwarsa ɗaya ce: "Barista Mai Kifi, nawa kwali?"